Gonakin da Na Mayar Daji

Mun bar Kaduna ana idar da sallar asuba, ranar wata Talata, mu uku a motar ofis: direba da malaminmu a gaba, ni a baya tare da akwatin takardu da jarkar ruwa. Gwaggona, wadda nake zaune a wurinta, ta rako ni har bakin titi tana nanata mini kada in kuskura in sha ruwan rafi. Ku da muka yi makaranta tare kun yi ta tambayata yadda tafiyar ta kasance, ni kuma kowa ta tambaya sai in ce lafiya lau. To, ba lafiya lau ba ne. Yau mako uku da dawowarmu, har yanzu in na zauna gaban na'ura tafiyar ce ke dawo mini. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, ku karanta ku miƙa wa juna.

Sai na fara gaya muku aikin da nake yi, don da yawanku kun ɗauka har yanzu tafireta nake bugawa. Da ita aka ɗauke ni, gaskiya ne. Amma da aka kawo kwamfuta ofishinmu, malaminmu, wanda ya yi kwas a kanta a ƙasar waje, ya ga yatsuna suna da sauri, sai ya sa ni cikin mutum huɗu da zai koya wa karanta hoton ƙasa. Ni kaɗai ce mace.

Ga yadda abin yake. Akwai tauraron ɗan'adam da ke ratsa samanmu duk bayan kwana goma sha takwas. In ya zo sai ya ɗauki wuri ɗaya da haske iri huɗu: biyu ido yana ganinsu, biyu kuwa ba ya gani, amma ɗanyen ganye yana haskawa sosai a cikinsu. Ba hoto irin na mai hoto ake kawo mana ba. Lambobi ne zalla a kan tef mai faɗin faifai. An yanka ƙasa ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo ya fi filin ƙwallo girma, kowanne da lambobinsa huɗu. Cikin kwamfutar akwai wani tsari da muke ce wa furogiram, shi ake koya wa. Sai ki nuna masa wurin da kika tabbata gona ce, ki ce wannan gona. Ki nuna masa inda kika tabbata daji ne, ki ce wannan daji. Daga nan shi zai bi sauran ɗigogin ɗaya bayan ɗaya, ya ga wanne ya fi kama da wanne, injin bugawa ya fito da su a doguwar takarda mai huji-huji a gefe. Malam ya bar ni na zaɓi haruffana: G gona, D daji, R ruwa. Ɗigon da bai yi kama da kowa ba kuwa, sai ya bar wurinsa fari.

Bara aka ba ni yankin Birnin Gwari in gwada hannuna. Tef ɗin na ƙarshen damina ne. Gonar da na koya wa furogiram ta wajen Zariya ce, irin tamu, fili fetal sai kuka ɗaya can nesa. Da takarda ta fito, komai ya yi kyau, sai wani wuri yamma da Kakangi, a bakin gandun dajin gwamnati, ya fito fari fat, kamar ɓera ya ci tsakiyar zane. Na ji kunya. Mazan uku duk nasu ya cika. Akwai wata lamba da ake ba furogiram, wadda ke gaya masa iya kusancin da zai yarda da shi kafin ya ce abu ya yi kama da abu. Na ƙara ta kaɗan, farin ya ragu. Na sake ƙarawa, ya cike da D. Ban gaya wa kowa ba. Malam ya ɗaga takardata gaban kowa ya ce ga aiki mai tsabta.

Bayan wata biyu wasu manya da ke sake shata iyakar gandun dajin suka aiko a ba su taswirar. Malam ya ce ba a je an duba ta a ƙasa ba tukuna. Suka ce sauri suke yi, suka ɗauka. Motar zuwa dubawar ba ta samu ba sai bana, farkon damina. Tafiyar ke nan.

Hanyar ba ta da laifi har Buruku. A nan muka karya da koko da ƙosai, na kwabo goma ya ishe ni har na rage. Direbanmu dattijo ne mai barkwanci, ya daɗe yana jin haushin kwamfuta saboda ita aka sa wa na'urar sanyaya ɗaki, shi kuwa ɗakin direbobi ko fanka babu.

"Malama mai gani daga sama," in ji shi, "yau za ki san cewa ƙasa tana da rami. Wancan naku ya nuna muku wannan?"

Bai rufe baki ba muka faɗa ramin, kaina ya bugi rufin mota. Har malam sai da ya yi dariya.

Daga nan sai daji ya fara rufe hanya dama da hagu, doka da maje da kirya, duk sun yi sabon ganye ja-ja. Manyan motoci ɗauke da shanu suna ta wuce mu za su Ikko. Mun ga ɗaya ta kwanta a gefen kwalbati, direbanta ya shimfiɗa tabarma a inuwarta yana jira. A Udawa mata sun jera doya da zuma a kwalabe. A nan na fara ganin matan Gbagyi, waɗanda muke ce wa Gwari, suna ɗaukar kaya a kafaɗa ba a ka ba, itace himili guda, suna tafe suna hira abinsu. Direba ya yi cinikin doya uku naira ɗaya, ya yi ta mitar an cuce shi har muka shiga Birnin Gwari da azahar.

Garin bai kai yadda nake zato ba, amma tasharsa a cike take, ga masu tsire, ga masu gyaran taya. A ofishin daji aka haɗa mu da malamin dajin da zai yi mana jagora. Mutum ne dogo, ya manyanta, kakinsa ya koɗe amma a goge. Ɗan ƙasar ne, yana jin Gbagyi da Fulatanci. Maza suka sauka a gidan baƙi, ni kuwa ya kai ni wurin maiɗakinsa. Ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka, da wata daddawa da ban taɓa jin mai ƙamshinta ba. Na tambaye ta inda take saye. Ta ce daga wata tunga ake kawowa, can yamma da Kakangi, amma bana ce ta ƙarshe, don an ce su tashi. Na ce Allah sarki, na ci gaba da cin tuwona. Wallahi ko kaɗan ban haɗa maganar da kaina ba.

Ranar Laraba muka fita da hantsi. Malam ya zaɓi wurare a kan takardata ya yi musu da'ira da jan biro, aikinmu mu je kowanne mu ga ko harafin ya faɗi gaskiya. Na farko na ce ruwa, muka tarar da fadama. Na biyu na ce gona, muka tarar da ana huɗa. Na uku na ce daji, muka tarar da dajin da har tsando ya kore mu, birai suna kallonmu daga kan dutse. Duk inda muka dace malam sai ya waiwayo ya ɗaga mini babban yatsa. A Kakangi muka sha fura wurin wata Bafulatana, muka yi azahar. Ina ta jin daɗi, amma na lura da'ira ta gaba tana tsakiyar wurin nan da na cike.

Bayan Kakangi hanyar mota ta zama ta ƙafa, direba yana bi yana salati. Muka zo wani sabon turken siminti da lamba a jikinsa. Malamin daji ya ce daga nan an shiga sabuwar iyaka. Muka wuce shi. Daga nesa in kika duba, daji ne: manyan itatuwa, rassansu kusan suna taɓa juna. Amma da muka shiga ƙarƙashinsu sai na ga ƙasa duk kunyoyi ne, tsofaffin kunyoyi a jere, da tushiyar karan dawar bara. Itatuwan kuwa iri biyu ne kawai, kaɗanya da ɗorawa. Muka yi ta tafiya a cikinsu, ba su ƙare ba.

Malam ya dubi takarda, ya dubi waje, ya sake duban takarda.

"Malam," ya ce da malamin daji, "tun yaushe ake noma a nan?"

"Ranka ya daɗe, kakana ya tarar ana yi. Ni na kafa turakun nan da hannuna. Na gaya musu akwai mutane, aka buɗe mini takarda aka ce na'ura ta duba daga sama, babu kowa. To ni wa zan ƙaryata?"

Na ce direba ya tsaya, na fita na amayar da furar nan duka.

Can gaba muka iso tungar masu gonakin, ba ta fi gida ashirin ba a idona. Da 'yar majami'a mai jinka a gefe ɗaya, da masallacin da aka kewaye da duwatsu a gefe ɗaya. Suna ganin motar gwamnati mata suka kwashi 'ya'ya suka ɓuya a bayan gidajen. Maza kuwa suka fito, wasu da fartanya, wasu da sanduna, suka kewaye mu. Ba wanda ya ɗaga murya, shi ne ma abin da ya fi ba ni tsoro. Wani ƙaƙƙarfa mai tabo a goshi, wanda daga baya na ji ana kiransa Audu, ya dafa ƙofar da nake ya leƙo, har ina jin numfashinsa. Na ƙanƙame akwatin takardu. Duk addu'ar da na iya ta ɓace mini.

Malamin daji ya fita ya yi musu magana da harshensu, ya daɗe yana yi. Sannan mai'unguwa ya zo, wani tsoho da sanda, ya ce a kawo wa baƙi tabarma. A nan muka ji yadda ake ciki. An ba su takarda cewa bana kada kowa ya shuka a cikin turaku, kuma su tashi kafin kaka. Ruwa ya sauka sau biyu, iri yana rumbu, ba su shuka ba, ba su kuma tashi ba. Jira suke yi ko wani zai zo ya gani da idonsa. Malam ya ce ai ga shi mun zo, kuma ya yi alkawari zai rubuta abin da ya gani. Ya tafi da maza su zagaya gonaki.

Ni aka bar ni da mata. Wata tsohuwa, Iya Ladi, mahaifiyar Audun nan, ta kama hannuna ta ji yana rawa.

"Ɗiyata, sanyi kike ji da rana tsaka? Ko Audu ne? Rabu da shi, fuskar ce kawai. Kaza ma ba ya iya yankawa sai ya rufe ido."

Matan suka yi dariya, suka kawo mini kunu. Iya ta ja ni bayan gidanta ta nuna mini itatuwanta. Ashe kowace bishiya a gonakin nan da mai ita. Gona ta namiji ce, amma kaɗanya da ɗorawar da ke ciki na mata ne, ana gadonsu. Wannan ta uwar mijinta ce, waccan an ba ta ita ranar da ta haifi Audu. In namiji zai share sabuwar gona ya sare duk abin da ya ga dama, amma ba ya taɓa waɗannan biyu. Da su ake yin man kaɗe da daddawa, da su ake sayen gishiri da zane da littafin makaranta.

Sai ta tambaye ni, "An ce wani abu ne a sama ya ce ba mu nan. Ke kin san shi?"

Na so in ɓoye. Amma kirkinta ya yi mini nauyi, na ji ba zan iya shan kununta ina ɓoye mata ba. Na ce na san shi, ni ce ma nake karanta abin da ya gani. Na zauna na yi musu bayani dalla-dalla, kamar yadda malam yake yi mana. Na ce abin yana wucewa duk kwana goma sha takwas. Na ce daga sama ganye kawai yake gani, kuma lokacin da ya ɗauki wurin nan dawa ta yi tsawo a ƙarƙashin itatuwa, kore a sama kore a ƙasa, shi ya sa ya kasa rabe gonarku da daji. Na ce gonar da ya sani ita ce irin tamu, wadda ba itace a ciki. Abu ɗaya na ɓoye: ban ce musu shi abin cewa ya yi bai sani ba, ni ce na matsa masa ya ce daji.

"Wato da ba itatuwan, da ya gan mu?" in ji wata mai goyo.

Na ce e, da ya gan ku.

Iya Ladi ta ɗaga kai ta dubi ɗorawarta.

A hanyar komawa na gaya wa malam zancen lambar da na ƙara. Na zaci zai yi faɗa. Sai da muka wuce Kakangi sannan ya ce laifin namu ne mu biyu, don shi ya sa hannu bai tambayi yadda aka yi takarda ta fito ba fari ko ɗaya ba. Ya ce amma akwai sauran dama. Itatuwan nan su ne shaidarsu. Daji ba ya fitar da iri biyu kawai a jere, kuma kaurinsu ya nuna an yi shekaru masu yawa ana noma a ƙarƙashinsu, tun kafin a yi maganar gandu. Gobe za mu koma da tef ɗin awo da kyamara, mu auna, mu ɗauki hoto, malamin daji ya sa hannu. Da wannan za a iya roƙon a ja da turakun baya. Na ji kamar an sauke mini dutse. Ban tuna na gaya masa abin da na faɗa wa matan ba. A ganina ai gaskiya na faɗa, mene ne abin ba da rahoto?

Ranar Alhamis muka yi sammako. Tun kafin mu kai turken siminti direba ya kashe rediyo ya ce, "Ku saurara." Ƙarar gatari ce, ba ɗaya ba, ba biyar ba, ta ko'ina.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da muka gani ba. Inda jiya muka bi cikin inuwa, yau rana ce ƙwal. Itatuwa a kwance bisa kunyoyi, ganyensu bai ko yi yaushi ba, ɗanyun 'ya'yan kaɗanya sun watsu ko'ina. Waɗanda suka fi ƙarfin gatari an tara musu kara a gindi an sa wuta. Duk namijin da ke tungar yana riƙe da gatari, har mai'unguwa. Mata suna tsaye can gefe, hannu a ka. Muna fitowa wata babbar ɗorawa ta yi ƙara ta taho, direba ya fizge ni baya, rassanta suka daki ƙasa daidai inda nake tsaye. Na faɗi zaune.

Malamin daji ya ruga yana ihu, da Hausa da Gbagyi, su tsaya, su tsaya don Allah. Malam yana biye da shi. Sai ga Audu ya nufo ni da gatari a hannu, jikinsa duk gumi, tafin hannunsa ya fashe yana jini. Na rufe ido, na ce shi ke nan. Sai na ji ya durƙusa a gabana.

"Malama, yaushe zai sake wucewa? Ki gaya mana ranar. In kwana uku ne za mu gama wannan gefen. In ya fi haka har na bakin rafi za mu kwantar."

Ya ƙara matsowa kusa da ni.

"Ke kika ce da ba itatuwan da ya gan mu. Ko ba haka kika gaya wa Iya ba?"

Malam ya juyo ya dube ni. Wannan kallon har yanzu ina ganinsa.

Da ƙyar aka tsayar da su. Malam ya tara su ya yi musu bayani: ba tauraron ne ke yanke hukunci ba, mutane ne. Ko ya wuce gobe, ba wanda zai sayo sabon tef ɗin sai an shekara ko fiye. Itatuwan da suka sare su ne hujjar da muka zo aunawa. Malamin daji kuwa ya cire hularsa ya zauna a kan wani kututture. Ya ce sare itace a cikin turaku babban laifi ne, kuma hayaƙin nan ana hango shi daga Kakangi. In bai rubuta ba, wani zai rubuta, a haɗa da shi.

"Baba," ya ce da mai'unguwa, "da kun bar mini su a tsaye ina da bakin magana. Yanzu me zan ce? Wanda ya ce ku masu ɓarnar daji ne, ga shi kun ba shi a hannu."

Mai'unguwa ya jingina gatarinsa. Ya ce, "Shekara nawa muna barinsu, aka ce ba mu nan. Mun sare, an ce mun yi laifi. To ɗana, ka gaya mini wanda za mu yi."



Mun dai auna abin da ya rage, mun ɗauki hoton kunyoyi da kututtura. Ni nake riƙe da bakin tef ɗin awo, malam sai ya maimaita lamba sau biyu kafin in rubuta daidai. Da muka zo bayan gidan Iya Ladi na same ta a tsugune wajen kaɗanyar da aka ba ta ranar haihuwar Audu, tana tsince ɗanyun 'ya'yan tana zubawa a ƙwarya, ko da yake ta fi kowa sanin ba za su yi mai ba. Ita da kanta ta ce wa Audu ya fara da nata, don kada sauran mata su ce an zaɓa. Na durƙusa na ce, "Iya, ki yafe mini." Na gaya mata sauran abin da na ɓoye jiya, cewa na'urar ta ce ba ta sani ba, ni ce na cike wurin don kada a ga aikina da giɓi.

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Shekararki nawa?"

Na ce ashirin da ɗaya.

"Wannan ta girme ki sau biyu," ta ce, ta dafa kututturen. Sannan ta ci gaba da tsintarta. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Na tsaya jira har direba ya zo ya ce in taso, hadari ya haɗo.

Ruwan ya same mu kafin Kakangi, irin ruwan da manomi ke kwana yana roƙo. Ko'ina a wajen turaku mutane sun fito da iri.  Direba, wanda tun daga Kaduna bai bar ni na huta da tsokana ba, ya miƙo mini goro ta baya ba tare da ya waiwayo ba. Na karɓa, ni da ban taɓa cin goro ba.

Ranar Juma'a muka kamo hanyar gida. Maiɗakin malamin daji ta ƙulla mini daddawa a ganye, na rasa yadda zan ƙi karɓa. Ban ga Udawa ba, ban ga Buruku ba, kaina yana kan gwiwa. Mun shigo Kaduna da la'asar. Gwaggo ta dube ni ta ce ai ta faɗa, na sha ruwan rafi. Na bar ta a haka.

Ranar Litinin na roƙi malam ya bar ni in sake ɗora tef ɗin. Na mayar da lambar inda take tun farko, farin ya dawo daidai girman gonakinsu. Sannan na koya wa furogiram sabon abu, gona mai itatuwa, na ba ta harafinta. Cikin abin da bai kai awa ɗaya ba injin ya buga su duka, har da wasu wurare biyu can arewa da ban san da mutane a cikinsu ba. Aikin awa ɗaya ne, 'yan'uwa. Abin da ya rage bara ke nan, in ce ban sani ba, a tambayi wanda ya taka wurin da ƙafarsa.

Malam ya haɗa sabuwar taswira da hotuna da wasiƙa ya kai sama da kansa. Aka ce masa an gode, za a duba wuraren biyu na arewa kafin a kafa musu turaku. Na tungar kuwa an riga an buga iyakar a takardar gwamnati, ga kuma rahoton sare itace ya riga wasiƙarmu isa. Shekaranjiya malamin daji ya zo Kaduna da wasu takardu, ya leƙo ɗakinmu. Ya ce ba a kama kowa ba, ya roƙa an bar wannan. Amma sun tashi. Wasu sun nufi Kusasu wurin dangi, wasu Saminaka, za su ari gona su yi shukar baya. Na tambaye shi Iya Ladi. Ya ce a bayan akori-kura aka ɗora ta, da turminta.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa, kuma ban saye shi da nawa ba, da na wasu aka biya. In na'ura ta bar wuri fari, farin nan shi ne gaskiyar da take da ita, kada a cike mata. In kuma za ki yi wa mai neman tsira bayani, ki san cewa ba karatu yake ɗauka ba, abin da zai yi gobe da safe yake nema a bakinki. Ban bar aikin ba. Malam ya ce wanda ya ga abin da na gani shi ya kamata ya zauna gaban na'urar, ni dai ban sani ba ko gaskiyarsa ne.

Jiya na tambaye shi abin da zai faru da gonakin. Ya ce damina uku ko huɗu ta isa, sabara da kalgo za su rufe kunyoyin, doka ta biyo baya. Wata rana wani zai ɗora sabon tef, wurin ya fito D daga farko har ƙarshe, ba tare da ya taɓa kowace lamba ba. Zai ɗauko tsohuwar taswirata ya kwatanta, ya ga sun yi daidai, ya ce yarinyar nan ta iya aiki.